Idan abokinka na fama da ciwon hawa-da-sauka kuma yana shan ƙwayar ƙarin ƙarfi

Tun daga 2022, da mutane suka fara tsallakowa da yawa daga Burkina Faso zuwa yankin Bawku, samari da dama ba su zauna wuri ɗaya ba. Wasu suna matsugunin Tarikom a gundumar Bawku ta Yamma. Wasu sun gangara neman ƙwadago a Yendi da Bimbila da Salaga, har Kpandai, inda gonakin doya ke buƙatar hannu. A irin wannan zama iyaye suna nesa, wasu ma an rabu da su a hanya. Wanda ya rage kusa da mutum shi ne abokin da suke kwana ɗaki ɗaya, suke ci a kwano ɗaya. Domin wannan aboki muka rubuta bayanin nan, musamman idan ya ga ɗan'uwansa ya sauya: ya daina barci, bakinsa ba ya hutawa, kuɗi ba ya kwana a hannunsa, kuma ya san yana haɗiyar ƙwaya kafin ya fita aiki. Za mu riƙa cewa "shi" don sauƙin magana, amma ciwon yana kama mata kamar yadda yake kama maza.

Wane irin ciwo ne?

Likitoci suna kiransa baifola. Mu za mu ce masa ciwon hawa-da-sauka, domin haka yake yi da mai shi.

A lokacin hawa, mutum yana yin barcin awa biyu ko uku, ko ma ya kwana ido biyu, amma ya tashi garau babu gajiya. Magana tana zubo masa da sauri, kafin ya gama wannan ya faɗa wancan. Zai tsiro da manyan shirye-shirye, ya ce zai sayi tarakta alhali ko kuɗin cefane ba shi da shi. Zai rabar da kayansa, ya ci bashi, ya nemi mata ba tsoro ba kunya. Idan aka tare shi sai faɗa. In abin ya yi tsanani zai iya cewa an naɗa shi sarki, ko an aiko shi ya ceci mutane, ko ya riƙa jin muryoyin da babu mai ji sai shi. Likita yakan kira wannan hawa idan ya kai mako guda, ko kuma ya yi tsananin da sai an kwantar da mutum.

Sauka kuwa takan zo daga baya, kuma ta fi daɗewa, mako biyu zuwa watanni. Mutumin da ya hana unguwa barci sai ya kasa tashi daga tabarma. Abinci ba ya masa daɗi, wanka ya zama aiki, yana ganin kansa nauyi ne a kan jama'a. A wannan lokacin ne aka fi jin tsoron ya kashe kansa.

Tsakanin hawa da sauka mutum yakan dawo daidai, ya yi aikinsa, ya yi aure, ya riƙe gida. Nan ne mutane ke ruɗuwa, su ce ai ya warke, a ajiye magani. Ciwon yana nan, kwanciya ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne ke da wannan ciwo a duniya. Yakan fara ne a ƙarshen ƙuruciya ko farkon girma, kuma yana bin jini a wasu gidaje. Rashin barci, tashin hankali, haihuwa ga mace, da ƙwaya, duk suna iya tayar da shi. Hukumar ta kuma fitar da lissafi a 2019 cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da wata matsalar ƙwaƙwalwa, ƙarama ko babba. Wanda ya baro garinsa da dare, ya kwana a daji, ya zo inda bai san kowa ba, ba abin mamaki ba ne idan ciwon da ke kwance a jikinsa ya farka.

Mun san da yawa za su ce aljanu ne ko sammu. Ba mu hana kowa addu'a ba, kuma malami ko fasto mai hankali yakan taimaka wa mara lafiya ya samu natsuwa. Abin da muke roƙo shi ne a haɗa da asibiti, kada a jira sai addu'a ta yi wata uku kafin a tuna da nas.

Yadda ƙwaya ke shiga cikin lamarin

Neman abin da zai kore barci ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Goro ne ya kawo fataken Hausa Salaga tun zamanin kakanni, kuma har gobe ana shan ataya da kofi. Ga yawancin mutane waɗannan ba su da wata illa babba. Ga mai ciwon hawa-da-sauka kuwa, ataya uku bayan isha'i ko gwangwani biyu na lemon ƙarin kuzari sun isa su sace masa barcin dare, kuma barci ne katangarsa.

Masu ƙarfin su ne abin damuwa. Akwai ƙwayoyin amfetamin, irin waɗanda leburori a ƙasar Hausa suka daɗe suna kira "a rungumi zaki". Akwai wadda ake ƙonawa a shaƙa, mai kama da ƙanƙara, akwai hodar iblis. Amma a gonaki da tashoshin mota da ramukan galamse na arewacin Gana, wadda ta fi yawa ita ce tramol. Asalinta maganin ciwo ce, dangin ofiyom, sai dai tana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu ɗaga kuzari, shi ya sa mai tada kunyoyin doya yake jin garma ta yi masa sauƙi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta amince da mai lamba 50 da 100 ne kawai, su ma da takardar likita. Masu lamba 120 da 225 da 250 duk ta ɓarauniyar hanya suke shigowa. Sai kuma wadda samari ke kira "Red". A watan Fabrairu na 2025 binciken BBC ya nuna yadda ake haɗa ta a Indiya daga magunguna biyu masu haɗari, ya nuna ɓarnar da take yi a Tamale, kuma bayan haka gwamnatin Indiya ta hana yin haɗin. Abin da ya riga ya shigo kasuwa bai ɓace da wannan hanin ba.

Ga yadda abu biyun ke ciyar da juna. Ƙwaya ta hana barci, rashin barci ya tayar da hawa. Mutumin da ke cikin hawa ba ya jin tsoron komai, sai ya ninka abin da yake sha. Idan ya faɗo cikin sauka, jiki ya mutu, ga aiki ana biya ne bisa yawan kunyoyin da ya tada, sai ya koma wa ƙwayar don ya iya miƙewa. Saboda haka gardamar "ƙwaya ce ta haukata shi" ko "dama can yana da ciwo" ba ta kai ku ko'ina. Ƙwaya ita kaɗai tana iya kawo alamu masu kama da hawa, kuma sukan lafa idan ta bar jiki. Idan alamun suka ci gaba bayan haka, ko an taɓa ganinsu tun kafin ya fara sha, to akwai ciwo a ƙasa. Rarrabe wannan aikin ma'aikacin lafiya ne, kuma yakan ɗauki makonni. Kada ku yarda da cewa sai ya daina ƙwaya tukuna za a kai shi asibiti. Tare ake maganin su biyun.

Abin da ke hannunka

Abu na farko shi ne lura da barcinsa. Kai da kake kwana da shi ka fi kowane likita sanin wannan. Idan ya yi dare biyu ko uku a jere yana barci kaɗan, kuma bai gaji ba, kada ka jira ya fara cire riga a kasuwa. Wannan ne lokacin tafiya asibiti, kuma a lokacin ne zai fi sauraronka. Ka riƙa lissafin dararen, ko a takarda ko a waya.

Yadda za ka yi masa magana yana da muhimmanci. Mai hawa yana jin bai taɓa samun lafiya kamar yau ba, don haka idan ka ce masa "ka haukace" ka rufe ƙofa. Ka kama abin da shi ma ba zai musa ba: "Ɗan'uwa, yau kwana uku ban ga ka runtsa ba. Zo mu je a duba ka, ni zan raka ka." Idan ya ce an naɗa shi sarki, kada ka yi gardama, kada kuma ka ce ranka ya daɗe don ka faranta masa. Ka bar zancen ya wuce, ka dawo kan abinci da ruwa da kwanciya. Mutum ɗaya ya yi magana, da murya ƙasa-ƙasa. Taron jama'a da dariyar yara wuta suke ƙara masa. Kada kuma ka zuba masa magani a abinci a ɓoye. Ranar da ya gane, ya daina cin abincin hannunka, ya daina yarda da kai, kuma yardar nan ita ce jarinka.

Sai kare abin da zai iya ɓatarwa cikin mako guda: kuɗin ƙwadagonsa, lambar sirrin MoMo, makullin babur, da takardunsa na gudun hijira. In zai yiwu ka karɓi ajiyarsu da yardarsa, a gaban shaida ɗaya, don kada gobe a ce ka cuce shi. Adda da wuƙa da igiya a kawar da su daga ɗakin. Maganin feshi na ciyawa da na ƙwari, wanda kusan kowane ɗaki a ƙauyukan Kpandai akwai shi, a kulle shi a wani gida daban. Wannan ƙaramin aiki yana ceton rai, domin tunanin kashe kai yakan zo da ƙarfi ne na ɗan lokaci, idan babu abin yi a kusa sai ya wuce.

A gaban nas, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun san abokai da yawa suna rufa wa juna asiri kan ƙwaya, suna ganin amana ce. A nan rufin asirin yana iya kashe shi. Tramol tana karo da wasu magungunan ƙwaƙwalwa, haɗuwarsu takan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko zazzaɓi mai ruɗa hankali. Ka faɗi abin da yake sha, guda nawa a rana, tun yaushe, yaushe ya sha na ƙarshe. In ka samu fankon ƙwayar ka tafi da shi. Haka kuma idan a lokacin sauka kuka je, lallai ka ba da labarin hawan da ya taɓa yi, ko da shekara biyu ke nan. Mara lafiya ba ya kawo wannan da kansa, don shi bai ɗauke shi ciwo ba. Idan nas bai sani ba zai iya ba shi maganin damuwa shi kaɗai, wanda kan iya wurga mai wannan ciwo cikin sabon hawa.

Wasu suna tsoron kada maganar ta kai ga 'yan sanda ko ta taɓa matsayinsu na gudun hijira. Aikin ma'aikacin lafiya ne ya riƙe sirrin mara lafiya, kuma rashin lafiya ba ya cikin dalilan da ake karɓe wa mutum matsayin ɗan gudun hijira. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Gana ta 2020 ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha da kansa zuwa tara. Sayarwa da dako kuwa har yanzu babban laifi ne, kuma dillalai sun san mai hawa ba ya tambayar me ke cikin ƙunshin da aka ba shi. Ka sa ido a nan.

Ina za a kai shi?

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku ne, na Akra da Pantang da Ankaful, dukansu a kudu. Amma yawancin masu wannan ciwo ba sa buƙatar wannan doguwar tafiya. Ku fara da asibitin da ya fi kusa, ko da ƙaramin asibitin CHPS ne na ƙauye, ku ce kuna neman nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A asibitocin gunduma irin na Kpandai, Salaga, Yendi, Zebilla da Bawku ake samun irin waɗannan ma'aikata, kuma su ne za su tura ku Asibitin Koyarwa na Tamale idan abin ya fi ƙarfinsu. Wanda ke cikin matsuguni ya fara da ma'aikatan lafiya na wurin.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ce kulawar kyauta ce, kuma daga Nuwamba 2024 inshorar lafiya ta ƙasa ta sa wannan ciwo cikin waɗanda take ɗauka. Don haka a tabbata katinsa na inshora bai mutu ba. Duk da haka magani yakan yanke a wasu lokuta, a ce a saya a waje. Ku koma karɓar sabo tun saura mako guda na hannu ya ƙare, balle da damina da hanyoyin Kpandai ke wahalar bi. Idan aiki zai mayar da shi wani gari, ya tafi da takarda mai sunan maganinsa da adadinsa. Ƙungiyar BasicNeeds, mai ofis a Tamale, ta daɗe tana kafa ƙungiyoyin taimakon kai na marasa lafiya da masu jinyarsu a arewacin Gana; ku tambayi nas ko akwai ɗaya kusa da ku.

Magungunan suna aiki, amma kowanne da abin kiyayewa. Masu kwantar da hawa, irin su Largactil da halofiridol da olanzafin, sukan kawo barci da nauyin jiki, wani lokaci wuya ya sandare ko hannu ya riƙa rawa. Akwai maganin wannan, a koma a faɗa, kada a jefar da ƙwayoyin. Mai shan Tegretol idan ƙuraje suka feso masa da zazzaɓi ko gyambon baki, a kai shi a ranar. Epilim yana cutar da ɗan tayi, don haka mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa tun farko. Mai shan litiyam yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci da shan ruwa sosai, musamman a zafin Maris da Afrilu, kuma ya guji ibufurofen da dikulofenak da masu talla ke sayarwa don ciwon jiki. Amai da gudawa da tangaɗi ga mai shan litiyam alamar haɗari ce. Tramol kuma ba a yanke ta rana ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha. Jiki zai yi ciwo, gumi da gudawa da rashin barci su taso, wanda shi kansa zai iya tayar da hawa. A bar ma'aikacin lafiya ya tsara yadda za a rage ta.

Lokacin da ba a jira

A kira 112 ko a nemi abin hawa nan take idan ya faɗi yana jijjiga, idan numfashinsa ya yi ƙasa kuma an kasa tashe shi, idan jikinsa ya yi zafi ƙwarai yana sambatu, idan ya ɗauki makami, ko ya ce zai kashe kansa. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja.

Game da kashe kai, ka tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai har a isa asibiti. Tun 2023 majalisar Gana ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffuka, saboda haka babu dalilin ɓoye wanda ya sha guba don tsoron kotu.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da inda muke. Bawku ta sha zama ƙarƙashin dokar hana fita da dare, kuma hanyoyin yankin cike suke da shingayen jami'an tsaro. Baƙon saurayi da ya fito tsakar dare yana ɗaga murya, yana cewa shi kwamanda ne, ba kowa zai gane ciwo ke magana ba. Ka sa masa takarda a aljihu mai sunansa da lambar wayarka da bayanin cewa yana jinya. Ka sanar da shugaban unguwa ko sarkin zango tun da wuri, domin a san shi da mara lafiya kafin a san shi da mai tayar da fitina.

Idan ya ƙi zuwa asibiti kuma rai na cikin haɗari, doka ta ba likita damar riƙe shi na gaggawa har awa 72, abin da ya wuce haka sai an bi ta kotu. Mari da sarƙa da ɗaure mutum a gindin bishiya ba sa cikin abin da doka ta yarda da shi. Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Gana ta bayyana haramcinsu a 2017, ko a gida ne, ko wurin mai magani, ko wurin addu'a. Duka da hana abinci ba sa fitar da komai sai ƙarin ciwo.

Bayan ƙura ta lafa

Idan ya dawo hayyacinsa zai tuna da yawa daga abin da ya yi, kuma kunya za ta kama shi. Kada a riƙa ba da labarin a majalisa ana dariya. Wannan ne kuma lokacin da za ku zauna ku yi yarjejeniya, tun yana da ikon yanke shawara: dare nawa na rashin barci za su sa a tafi asibiti, wa zai riƙe kuɗi da makulli, wane ɗan'uwa za a kira, wa ba ya so a gaya wa. In ya yarda a ɗauki muryarsa a waya yana faɗin haka, ya fi, domin ranar da hawa ya dawo zai fi jin maganar kansa da taka.

Zai iya komawa wa ƙwaya, sau ɗaya ko fiye. Haka jinyar take tafiya ga mutane da yawa, sai a koma wurin nas a ci gaba daga inda aka tsaya. Amma kada ka saya masa, kada ka ba shi rancen da ka san inda zai tafi. Ku dubi aikin ma. Matuƙar sai ya yi gasa da masu shan ƙwaya a gona ɗaya, jarabar tana nan kullum. Aikin da ba a biya bisa sauri, ko da kuɗinsa bai kai ba, ya fi masa, haka nan aikin gadi da tuƙin dare ba nasa ba ne.

Kai ma ba za ka iya kai kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zama mutum uku ko huɗu kuna karɓa-karɓa, musamman kwanan dare. Idan ya fara duka, ka fitar da mata da yara daga ɗakin, kai ma ka fita, sannan ka nemi taimako.

Idan azumi ya gabato, ku je wurin nas tun cikin Sha'aban. Tashin sahur da raya dare suna sauya lokacin barci, ƙishirwar yini kuma tana da haɗari ga mai shan litiyam. Sau da yawa ana iya mayar da shan magani zuwa bayan buɗa-baki da lokacin sahur. Idan likita ya ga azumin zai tayar da ciwon, a tuntuɓi malami kan rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya, kuma kai ka raka shi, don yakan ji nauyin tambaya da bakinsa.